Sunan da Kakata ke Amsawa

Shekara ashirin da bakwai na yi ina koyar da Ingilishi a makarantun kwaleji na ƙasar Arewa, tsakanin Dogon Dutsi da yankin Tibiri, kafin in aje alli. Allah kaɗai ya san yawan kalmomin da na rubuta bisa allo na shafe a tsawon waɗannan shekaru. Mafi yawansu sun bi ƙurar alli, ni kaina ban sake tuna su ba. Guda ɗaya ce ta ƙi shafuwa, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Wata safiya ce ta lokacin ɗari, a ajin masu shirin jarrabawar BEPC. Littattafan karatu sun yi mana ƙaranci kamar kullum, saboda haka na kwafo wa yara wani guntun labari daga wani tsohon littafi da na saya wajen masu kasa littattafai a Sakkwato. Labarin na tarihin Ingila ne, zamanin da mayaƙan jiragen ruwa ke faɗa wa garuruwan bakin teku suna ƙonawa. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, mi aka nuhi da heathen?" Ban tsaya dogon tunani ba na ce mata païen, na juya zan ci gaba. Sai wani daga bencin baya ya ɗaga murya ya ce, "Arne ke nan!" Aji ya kwashe da dariya.

Dariyar yara ba baƙon abu ba ce ga malami. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda kawunansu suka karkata wuri guda, kamar gero in iska ta kaɗa shi, zuwa ga wani yaro da ya fito daga ƙauyukan da ke kewaye da Lugu. Yaro ne mai ƙoƙari, marar surutu, yana zaune gidan wani mai masauki a gari domin ƙauyensu ba kwaleji. Ya sunkuyar da kai yana ta goga biro bisa benci. Ni kuwa na buga sanda bisa tebur, na ce a yi shiru, na wuce zuwa jimla ta gaba. Iyakar abin da na yi ke nan. Na daɗe ina jin kunyarsa, domin duk ajin nan ba wanda ya kai ni sanin abin da yaron ke ji a wannan lokaci.

Kakata, wadda ta haifi ubana, mutuniyar wani ɗan ƙauye ce da ke kusa da Bagaji. A hannunta na tashi har aka sa ni lakwal. Na gan ta da idona tana zuba furar sabon gero gindin wata tsamiya kafin kowa a gidan ya kai koko baki, tana magana ƙasa-ƙasa da waɗanda ba na gani. Na ga yadda take hana mu taɓa hatsin bana sai manya sun yi abin da ake yi. A lokacin ban ɗauki wannan wani abu dabam ba. Haka na iske duniya. Sai da na je gari karatu, wata rana muka yi faɗa da wani yaro a bakin rijiya, ya ce mini jikan azna. Da na koma gida hutu na kai mata ƙara, ina tsammanin za ta fusata. Tana zaune tana kaɗi, ko mazarin ba ta aje ba. Ta yi dariya ta ce, "To maigidana, ƙarya yay yi? Azna na mu. Sarki da kainai, in ya kwana bisa ƙasag ga, bisa tabarmammu yak kwana."

Na ɗauki maganar alfaharin tsofaffi ne kawai. Sai da na girma na gane cewa tarihin ƙasarmu ne ta naɗe mini cikin jimla guda. Labarin baka na Arewa ya nuna cewa Gubawa ne suka fara zama a wannan fadama. Sarauniya ta farko ta taso daga Daura tana bin dutsen Tunguma har ta sauka Lugu, ɗan'uwanta Baura kuma ya zauna Bagaji. Su ne suka ƙulla alkawari da iskokin wurin, su ne suka san abin da ƙasa ke so da abin da take ƙi. Daga baya ne Ari ya zo daga Barno, aka haifa masa ɗa da ɗiyar Baura, wato Akazama, wanda zuriyarsa, Arawa, suka riƙe sarauta a Matankari, rassanta kuma suka bazu kudu har Tibiri. Marc-Henri Piault, wanda ya buga littafinsa na tarihin Mauri a 1970, ya yi dogon bayani a kan wannan rabo: sarautar mutane tana hannun wasu, riƙon ƙasa yana hannun wasu, kuma ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya. Mai doki da tambari yana da iko, amma ba shi ke roƙon ruwa ba in damina ta yi gardama. Wannan shi ne tabarmar da kakata ke nufi.

Duk da haka, da na tafi lise a Yamai ban taɓa ambaton ta ga abokaina ba. In an tambaye ni garinmu sai in ce Dutsi, in yi shiru.

Daren ranar da aka yi wa yaron nan dariya na kasa barci. Na kunna fitila na ɗauko wani ƙaton ƙamus na Ingilishi da wani Ba'amurke ɗan aikin sa-kai ya bar mini sa'ad da zai koma gida, irin ƙamus ɗin nan da ke faɗin inda kowace kalma ta fito. Na nemo heathen. Ni dai na san ma'anarta, so nake in ga ko akwai wata fassara da zan iya ba yara wadda ba za ta zama makami a hannunsu ba. Abin da na iske ya ɗauke ni wani wuri dabam.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai, tun zamanin Ingilishin da ko mutanen Landan na yau ba su iya karanta shi sai an koya musu. A lokacin ana rubuta ta hæþen, da wani harafi mai kama da tuta a jikin sanda, wanda daga baya Turawan suka yar da shi, har da taimakon injinan ɗab'i da aka shigo da su daga ƙetare ba su da shi. Duk wanda ya taɓa buga Hausa a tsohon tafireta, yana bin ɗ da ƙ da biro yana sa musu lanƙwasa, zai tausaya wa wannan harafi. Bayanin da aka fi sani shi ne cewa kalmar ta fito daga heath, wato ƙasar da ba a nomawa, tudu mai iska wanda ba manyan itatuwa a kansa sai ƙananan tsirrai masu taurin rai. Da na karanta wannan sai na ga fakon da ke bisa duwatsun da suka yi wa fadamar Dallol Mauri katanga, inda ba abin da ke fita sai geza da sabara. Bisa wannan bayani, heathen tun farko mutumin fako ne, ɗan daji, wanda ke zaune nesa da gari. A Jamusanci har yau kalma guda ce, Heide, ke ɗauke da ma'anonin biyu: fakon da kuma mutumin da bai karɓi addinin littafi ba. Mafi tsufan wurin da aka ga danginta a rubuce shi ne fassarar Linjila da wani limamin Kirista mai suna Wulfila ya yi wa ƙabilar Got a ƙarni na 4, inda ya yi amfani da ita ga wata mace da nassin Girkanci ya kira Bagirkiya. Akwai masanan da ke ganin Wulfila aro ya yi daga kalmar Girkanci mai nufin al'ummai, ta hanyar harshen Armeniya, sa'an nan kunnen jama'a ya haɗa ta da fako domin sun yi kama. Ko wanne ne daidai, mutanen da suka yi ƙarnuka suna faɗin kalmar daji suke ji a cikinta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su wa ke kiran wasu da wannan suna. Mutanen Ingila su kansu masu bautar iskoki ne har ƙarshen ƙarni na 6. A shekarar 597 ne Agustin, wanda Paparoma Giregori ya aiko daga Rum, ya sauka ƙasar Kent da wa'azi. Malaminsu Bede, wanda ya gama littafin tarihinsa a 731, ya adana wata wasiƙa da Paparoman ya rubuta a 601 yana ba da shawara kada a rushe ɗakunan tsafin mutanen, a fitar da gumakan kawai a mai da ɗakunan wurin ibada, domin jama'a su ci gaba da zuwa inda suka saba. Ba a cika shekara ɗari biyu da wannan ba, a 793, mayaƙan teku daga ƙasashen arewacin Turai suka faɗa wa gidan ibada na tsibirin Lindisfan, marubutan tarihin Ingila suka kira su heathen. A 865 babbar rundunarsu ta sauka gabashin ƙasar, aka ci gaba da kiran su da wannan suna, har ya zama kamar sunan ƙabila. Da Sarki Alfred ya ci su da yaƙi a Edington a 878, sharaɗin sulhu shi ne shugabansu Gutrum ya shiga addinin Kirista. Jikokin masu tsafi ne ke kiran ƴan'uwansu na ƙetaren teku da sunan da jiya-jiya ya dace da kakanninsu, alhali iskokin da Gutrum ke yi wa yanka su ne dai waɗanda kakannin Alfred suka yi wa.

Iskokin nan kuwa ba su tafi ko'ina ba. Kowace safiya ina sa yara su rubuta kwanan wata a kusurwar allo, ban taɓa lura da abin da muke rubutawa ba. Tuesday ranar Tiw ce, Wednesday ta Woden, Thursday ta Thunor mai tsawa, Friday kuma, ranar da muke sa manyan riguna mu tafi masallaci, sunan Frig matar Woden take ɗauke da shi. Faransanci ma haka: mardi, mercredi, jeudi da vendredi duka sunayen gumakan Rumawa ne. Mu Hausawa da ake cewa mun makara, kwanakinmu bakwai daga Lahadi har Asabar na Larabci ne, ba ko iska guda a ciki.

Daga nan na koma ga kalmar da ni kaina na ba yarinyar, païen. Ta fito daga paganus na harshen Latin, shi kuma daga pagus, wato yankin karkara. Wasu sun ce Kiristocin birane ne suka laƙaba wa mutanen ƙauye domin su ne na ƙarshe wajen barin addinin kakanni. Wasu sun ce daga bakin sojojin Rum aka ɗauko, waɗanda ke kiran duk wanda ba soja ba da wannan suna, Kiristoci kuwa suna ɗaukar kansu rundunar Almasihu. Abin da ba gardama a kansa shi ne, daga wannan saiwa guda Faransanci ya samo pays da paysan da païen: ƙasa, da manomi, da arne. Ƴaƴan ciki ɗaya ne. Na yi shekaru ina furta su ukun ban taɓa ganin kamarsu ba, kamar mutumin da ke gaisawa da ƴan gida ɗaya a kasuwa dabam-dabam.

To, tamu fa? Abu na farko da kunne ke kamawa shi ne kalmar tana da fuska uku. Mu a Arewa da mutanen Adar muna cewa azna. A Maraɗi da Gobir ana cewa anna. A Kano ana cewa arna. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya san da wannan bambanci na karin harshe. Wanda ya saba da yadda sautin Hausa ke sauyawa zai gane cewa tamu ce tsohuwar siga, domin z in ta zo ƙarshen gaɓa takan koma r a bakin mutanen gabas, kamar yadda maza-maza ta zama marmaza. A wani wurin kuma sai ta narke cikin harafin da ke bin ta, a sami anna. Ku tuna kuwa, yaron bencin baya bai ce azne ba, yadda uwarsa da ubansa ke faɗi. Arne ya ce. Siga ce da ta ƙetaro iyaka cikin kaset da finafinai da bakin ƴan ci-rani, ta zo da ma'ana guda tak, wadda a can Nijeriya ake jifan duk wanda ba Musulmi ba da ita, har Kirista mai littafi. Ta iske tamu a gida ta danne ta.

Wani dattijon malami da nake zama wurinsa bayan la'asar ya taɓa ce mini azna daga Larabci take, daga asnam, wato gumaka. Bayani ne mai daɗin ji, kuma kunne yana son irinsa, kamar yadda yake son labarin Bama da ya guje wa salla aka sami Bamaguje. Amma a kan Maguzawa masana da yawa sun fi karkata ga Majusu, masu bautar wuta na ƙasar Farisa, waɗanda shari'a ta yarda a karɓi jiziya a hannunsu a bar su da addininsu. In haka ne, sunan inuwa ce malaman da suka yi wa maƙwabtansu domin a zauna lafiya, ba zagi ba. Game da azna kuwa, ni abin da na fi dogara da shi shi ne yadda masu sunan suka yi amfani da shi da bakinsu. A Adar, inda Djibo Hamani da Nicole Echard suka yi bincike suka buga littattafansu a 1975, azna su ne mutanen da aka iske, waɗanda suka riga masu sarauta zuwa. A kwarin Maraɗi, Guy Nicolas ya iske anna sun kasu dangi-dangi, kowane da gadonsa: masu noma, masu farauta, masu ruwa, maƙera. A Masalata kusa da Birnin Ƙonni azna ne ke yin arwa su duba abin da shekara za ta zo da shi. Ko'ina ka duba, kalmar tana manne da ƙasa da gado da riga zuwa. Tsafi yana ciki, ba mai musun wannan, amma a matsayin aikin da gadon ya ɗora wa mutum, kamar yadda ƙira ke kan ɗan maƙeri. Mutanen suna faɗin abin da suke da shi ne in sun kira kansu azna. Da kalmar ta koma bakin wasu sai ta zama sunan abin da suka rasa.

Shi wannan dattijo, da na kawo masa zancen paysan da païen, ya yi murmushi ya ce ai Larabci ma yana da nasa. Saiwar da aka samo kafiri daga gare ta rufewa take nufi, kuma a Suratul Hadid, aya ta 20, malaman tafsiri da dama sun fassara jam'in kalmar da manoma, domin manomi yana rufe iri da ƙasa. Ya yi sauri ya ƙara da cewa kada in fita in ce malam ya ce noma kafirci ne. Hanyar dabam ce, wancan yana rufe gaskiya, wannan yana rufe iri. Na ce na ji. Amma na koma gida ina mamakin yadda duk inda na tona sai in iske manomi tsugune a gindin kalmar.

Kada mai karatu ya ɗauka kukan zamanin da ya wuce nake yi. Ni Musulmi ne, ɗan Musulmi, ina kuma gode wa Allah a kan haka. Ubana ya tafi ci-rani Nijeriya yana saurayi, ya dawo da buta da tasbaha, bai sake zuba fura gindin tsamiya ba. Haka ta faru a gidaje da yawa. Ƙasar Arewa ba ta bi tutar jihadin 1804 da sauƙi ba. A tsakiyar ƙarni na 19 ma tana cikin waɗanda suka haɗa kai da Kabi suka yi tsayayya da Gwandu, kuma har yau ana ambaton Samna Ƙarhe na Tibiri in ana zancen waɗannan yaƙe-yaƙe. Abin da takobi bai yi ba, fatauci da hanyar mota da zaman gari suka yi shi a hankali, zamanin Nasara da bayan samun mulkin kai a 1960. Adeline Masquelier, wadda ta zauna Dogon Dutsi ta buga littafinta a kan bori a 2001, ta iske garin da salla ta riga ta zama ita ce ma'aunin mutunci, masu tsohuwar hanya kuma suna ta ja da baya. Zamanin kakata ma ba aljanna ba ne. Na san tsoron da ke cikinsa, na san akuyoyin da talaka ya yanka yana kuka domin an ce iska ta nema.

Amma ga abin da na gani. A shekarunta na ƙarshe, bayan yunwar 1984, kakata ta fara salla. Ubana ne ya koya mata Fatiha da ƙananan surori, tana yi tana tuntuɓe, ba ta kuma fasa ba har ta koma ga Mahaliccinta. Wata rana na tsokane ta na ce, "Kaka, yanzu dai kin bar azna." Ta dube ni kamar na yi wauta, ta ce, "Salla tsakanina da Allah ta. Azna kau, can na iske ubana. Kai kana barin ubanka?" A wurinta tambayoyi biyu ne dabam: wa kake bauta wa, da kuma ɗan wa kake. Kalmar da yaron bencin baya ya jefa ta haɗe su ta mai da su ɗaya, yadda mutum ba shi da hanyar amsa ta farko da kyau sai ya yi musun ta biyu.

Akwai kuma wani abin da ke ba ni dariya mai ɗaci. A watan Afrilu na 1899, sa'ad da rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa, kafin ta kai Birnin Ƙonni ta yi ɓarnar da ta yi, mutanen Lugu ne suka tsaya mata da baka da kibiya ƙarƙashin Sarauniya Mangu. Abdoulaye Mamani ya mai da labarin littafi a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. An sa wa gidan rediyo da talabijin sunanta a Yamai, bayan 2023 kuma hukuma ta ƙirƙiro lambar girma da sunanta. Kowane ɗan makaranta a Nijar ya san ta. To, wace ce ita in ba azniya ba? Sarautarta ba ta fada da dogarai ba ce. Ta riƙon ƙasa ce, kuma in mai riƙe da ita ta rasu, gawarta ce ake ɗauka a tarkama ta nuna magajiya. Yaran da suka juya suna yi wa ɗan Lugu dariya su ne za su rubuta sunanta da alfahari a jarrabawar tarihi, ba tare da sun ga igiyar da ta haɗa ta da yaron da ke goga biro bisa benci ba. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Mun koya musu reine, muka ɓoye musu azniya.

Kwana uku na yi ina juya abin kafin in sami ƙarfin hali. Ranar da na koma ajin na bar darasin nahawu, na rubuta heath da heathen a gefe guda, pays da paysan da païen a tsakiya, azna da anna da arna a ɗaya gefen. Na ba su labarin Agustin da Alfred da Gutrum. Na sa su karanta kwanan watan da ke kusurwar allo, ranar kuwa Alhamis ce, na gaya musu sunan wa suka rubuta da hannunsu. Suka yi dariya, irin mai kyau. Sa'an nan na ce musu, "Kakata da ta haifi ubana azniya ce, ƴar ƙasar Bagaji. Da bakinta take faɗi." Ajin ya yi tsit har ina jin kukan jaki daga bayan katanga. Na ce kowa in ya koma gida ya tambayi mafi tsufan gidansu abin da kakan kakansa ke yi kafin a yi shuka.

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Wasu sun dawo da labarai har da sunayen itatuwa da duwatsu, suna faɗi suna satar kallon juna. Wasu sun ce an kore su da tambayar. Wani uba ya zo har makaranta ya ce an aiko ɗansa koyon Ingilishi ne, ba tonon tsafi ba, na kuwa ba shi haƙuri, domin ta wani gefen yana da gaskiya. Abokin aikina mai koyar da Larabci ya ce mini asalin kalma ba ya wanke ta. Abin da take nufi a bakin mutane yau shi ne ma'anarta, kuma ko na kawo ƙamus goma, wanda aka ce wa arne a tasha ya san zagin sa aka yi. Ban iya musa masa ba. Turawan Ingila ma sanin heath bai hana su ɗaukar heathen su zo da ita Afirka su laƙaba wa kakanninmu ba. Abin da na ce masa kawai shi ne, mu malamai muna da hannu a wuri guda, wato inda ake fassara. Tun da aka buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida a 1973, aikinmu ne mu zaɓi kalmar Hausa da za ta zauna gaban ta Faransanci. In muka rubuta arne gaban païen muka wuce, mun sa hannu a kan ma'ana guda, mun binne sauran. Ni daga ranar nan in ana zancen addini sai in ce mai addinin gargajiya, azna kuwa in bar ta ga darasin tarihi, inda za a faɗe ta tare da Gubawa da Lugu da Bagaji.

Yaron bai ce mini kome ba, a ranar ko bayanta. Ya ci jarrabawarsa ya tafi. Sai bayan shekara goma sha wani abu muka haɗu a tashar Dutsi, ina jiran motar Doso, wani magidanci da gemu da tabon salla a goshi ya durƙusa ya gaishe ni. Ya zama ma'aikacin gona, yana zagaya ƙauyuka da babur yana duba rumbunan tsimi. Muka taɓa zancen iyali da na damina. Na tambaye shi ko yana tuna darasin nan na heath. Ya yi ɗan tunani ya ce gaskiya Ingilishin duk ya zube, sai dai har yanzu in ya ga an rubuta Thursday yakan tuna mai tsawa.

Ɗan kamasho ya fara kiran masu Doso. Ya ɗauki jakata ya raka ni bakin mota, ya miƙa wa yaron mota ita. Sai da na sa ƙafa ɗaya ciki ya ce, "Amma Mushe, ina tune da abu guda. Tun randa kac ce kakarka azniya ta, an bar dubana. Kai aka koma duba."